Haƙuri Ko Jira? Tunani a Kan Sanyin Monreyal

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya dare da rana, mai kawo ɗari ya bi shi da bazara. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, neman ilimi da neman halali sun kai wasu daga cikinmu garuruwan da kakanninmu ba su taɓa jin sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Monreyal, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda Faransancin da aka koya a lakwal yake sauƙaƙa wa ƴaƴan Nijar shiga jami'a da samun aiki. In ka tambayi wanda ya zauna can abin da ya fi ba shi wuya, da ƙyar ya gama lissafi bai ambaci sanyi ba. Mu kuma da ke gida amsarmu ɗaya ce: "Sai haƙuri, zai wuce." Maganar gaskiya ce, sai dai tana buƙatar a buɗe ta. Mutumin da ya rufe ƙofa, ya ja bargo, yana ƙirga kwanaki har rana ta dawo, haƙuri ya yi ko jira? In kuwa akwai bambanci tsakaninsu, me mai jira yake asara?

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, don kada mu auna shi da hunturun Maraɗi. Namu sanyin na asuba ne da na dare. Da hantsi ya dubi ludayi an tuɓe rigar sanyi. A Monreyal kuwa, matsakaicin ma'aunin watan Janairu yana wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, kuma akwai ranakun da yake sauka ƙasa da 20. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai mita 2. Tana fara kwanciya daga ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, ba ta gama narkewa sai ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Idan iska ta haɗu da sanyi har jiki ya ji kamar digiri 30 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin ƙasa da rabin awa. Sannan ga duhu. Ranar 21 ga Disamba, rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe 4 da kwata, wato yini bai cika awa 9 ba, alhali a Yamai a wannan rana yini ya haura awa 11. Azahar tana shiga kafin ƙarfe 12, la'asar wajen ƙarfe 2, magariba kuma ta riski mutum yana aji ko wurin aiki. Ya fita da duhu, ya dawo da duhu.

To, yi lissafi, ya ɗan'uwa. In muka ce sanyin wata 4 ne kawai, kashi ɗaya ke nan cikin uku na shekara. Wanda ya yi shekara 9 a garin, yana ɗaukar waɗannan watanni a matsayin ɗakin jira, ya zubar da shekara 3 cif daga rayuwarsa. Kwanakin nan kuwa an rubuta su a cikin adadin da aka ba shi, kuma za a tambaye shi a kansu kamar yadda za a tambaye shi a kan kwanakin damina. Ba a taɓa yi wa kowa ƙarin kwana don ya ce wancan watan bai yi masa daɗi ba.

Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan abin da aka ƙaddara. Jira yana kama da na ukun, shi ya sa ake rikita su. Amma duba zuciyar kowannensu. Mai jira ya bar gangar jikinsa a Janairu, zuciyarsa ta yi gaba zuwa Mayu. Yana ganin yau a matsayin shinge tsakaninsa da rayuwa. Mai haƙuri kuwa yana nan inda aka ajiye shi, yana tambaya: me wannan yini yake bi na? Shi ya sa magabata suke kiran sufi ɗan lokacinsa. Hausawa ma da suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, ai ba su ce ya zauna yana kallon dutsen ba. Mai dafuwa yana kusa da murhu, yana iza wuta, yana ƙara ruwa. Haƙuri aiki ne, kuma aikin sanyi yana da sassa uku: haƙƙin jiki, haƙƙin zuciya, da haƙƙin maƙwabci.

Haƙƙin jiki

Akwai mai zaton cewa duk wahalar da ya ƙara wa kansa lada ce. Sai ya yi alwala da ruwa mai kama da ƙanƙara ga ruwan ɗumi a famfo, ko ya ƙi sayen takalmin kirki don yana ganin almubazzaranci ne. Gaskiya ne ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana kankare zunubi yana ɗaga daraja. Amma ladar tana kan wahalar da ta same ka a hanyar ɗa'a, ban da wadda ka je ka nemo da kanka. Ka tuna mutumin nan da ake kira Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya sa a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. An bar masa ibadar, an cire masa azabar.

Haka kuma Amru ɗan Asi, a yaƙin Zatus Salasil a shekara ta 8 bayan Hijira, ya wayi gari da janaba a dare mai tsananin sanyi. Ya ji tsoron halaka in ya yi wanka, sai ya yi taimama ya ja mutane sallar asuba. Da labari ya kai ga Manzon Allah ya ji hujjarsa, dariya ya yi, bai ce masa komai ba. Ibnu Rajab, a littafinsa Laɗa'iful Ma'arif, ya ware babi guda don lokacin sanyi, kuma ya kawo cewa Sayyidina Umar yakan yi wa mutane wasiyya idan sanyi ya gabato su tanadi tufafin ulu da huffi da safa, su ɗauke shi a matsayin maƙiyi mai saurin shiga mai jinkirin fita. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya sa huffin fata bayan ya yi cikakkiyar alwala yana iya shafa a kansa ba tare da iyakar kwanaki ba, an dai so ya cire shi kowace Juma'a. Ga ɗalibin da azahar da la'asar da magariba duk suke samunsa a jami'a, wannan rangwame ne babba, kuma karɓar rangwame ladabi ne ga Wanda ya bayar da shi.

Jiki kuma yana da buƙatun da ido ba ya gani. Wani bincike da aka buga a 1988 ya nuna cewa a Boston hasken rana ba ya isa fata ta samar da bitamin D daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Edmonton kuwa daga Oktoba zuwa Maris. Monreyal tana tsakanin biyun a nisa daga tsakiyar duniya. Baƙar fata, wadda Allah ya yi ta garkuwa a ranar Sahel, ta fi jinkirin samar da shi a rana mai rauni. Saboda haka ɗan Damagaram da ke can ya fi maƙwabcinsa Bature buƙatar ya tuntuɓi likita a kan wannan. Jiki amana ne, shi ne abin hawan da zai kai ka sahu.

Haƙƙin zuciya

Nan ne wurin da ya fi santsi. Masu tarbiyya, irin su Imamul Kushairi a cikin Risalarsa, sun yi bayanin halaye biyu da ke zagayawa a kan zuciyar mai tafiya zuwa ga Allah: kabdu da basɗu, wato ƙunci da buɗi. Wani lokaci zikiri ya yi zaƙi, wani lokaci ya yi nauyi ba tare da ka san dalili ba. Ladabin ƙunci shi ne ka tsaya a ƙofa, ka riƙe wuridinka, kada ka yanke wani babban hukunci har gajimaren ya wuce.

Amma ba kowane nauyin zuciya ne kabdu ba. A 1984 likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka siffanta wani ciwon damuwa da ke zuwa da gajartar yini, ya tafi da dawowar haske. Alamunsa sun haɗa da yawan barci ba tare da wartsakewa ba, kwaɗayin kayan zaƙi da na gari, nauyin gaɓoɓi, da gudun mutane. Ana magance shi da zama gaban wata fitila mai ƙarfin lukus 10,000 kimanin rabin awa da safe, da ganawa da masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci da ƙwayoyi. Muridin da wannan ya kama yana iya faɗawa ɗayan ramuka biyu. Ko dai ya ce imaninsa ne ya lalace, ya dinga zargin kansa har ya yanke ƙauna, ko kuma ya ce wani maƙami ne ya shiga, ya ƙi neman magani. Duka biyun kuskure ne wajen sanya wa abu suna. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar ba ya cewa taƙawarsa ce ta ragu. Ka gaya wa muƙaddaminka halin da kake ciki, ka gaya wa likita, kowannensu da ɓangaren da ya sani. Balaraben da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an ce masa ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. In kuwa abin ya kai mutum yana tunanin halaka kansa, babu sauran jinkiri: a Kanada lambar 988 tana amsa kira dare da rana, kuma kiranta ba ya rage wa kowa daraja a wurin Ubangijinsa.

Wani ruɗin kuma shi ne ɗaukar kaɗaici a matsayin halwa. Daga waje kamarsu ɗaya: mutum shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. Amma halwa tana da izinin shehu, tana da niyya, tana da adadin kwanaki, kuma mai ita yana fitowa da abin da zai amfani mutane. Kaɗaici ba wanda ya ba da izininsa, ba shi da ranar fita, kuma abokin hirarsa waya ce da waswasi. Mai halwa ya bar mutane don ya kare su daga sharrin kansa. Mai kaɗaici a hankali yake fara ganin kowa ya manta da shi. Hadisi ya gargaɗe mu cewa dabbar da ta ware daga garke ita ake kamawa. Ga ma'auni mai sauƙi: in bayan mako guda a ɗaki ka ga salla ta ƙara maka nauyi, zato ga mutane ya ƙara muni, to wannan ba halwa ba ce. Sa takalminka ka fita.

Sai dogon dare, wanda ya haura awa 15. Magabata sun yi murna da lokacin sanyi saboda darensa ya isa a yi barci a ƙoshi kuma a tashi a yi nafila, yininsa kuma gajere ne ga mai azumi. A Monreyal azumin Disamba bai wuce awa 10 da ƴan kai ba. Ramadan ma, da yake yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu cikin sanyi yake shiga, har a 2030 zai zo sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wanda ke da bashin azumi, ko yake son ya saba da Litinin da Alhamis, ko ya daɗe yana burin haddar wasu surori, ga kasuwa ta ci a ƙofar gidansa.

Wani zai ce: "Malam, faɗa da baki ba wuya. Ni dare a wurin aiki yake samuna, ina ɗaukar kaya a sito, ko ina tuƙi a kan ƙanƙara. Da safe ga karatu, ga haya, ga na gida suna jira. Wane dogon dare?" Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da wa'azin da zai ƙara masa jin ya gaza ba. Ba kowa aka ba faragar dare ba. Amma tambayar ba ta canza ba: me wannan lokaci yake bin ka? Wanda aka tsayar a neman halali, ibadarsa ta wannan lokaci ita ce ya tsare farilla a kan lokacinta, ya riƙe lazimi ko da a cikin metro ne, ya yi aikin da aka ba shi da amana. Ƙaramin aiki mai ɗorewa ya fi babba mai yankewa. Abin da ake gudu kawai shi ne ya ce, "Bari sanyi ya wuce, sannan in koma ga Allah." Wanda ya ɗaure komawarsa da yanayi, in zafi ya zo zai sami wani uzurin, domin a watan Yuni kuma daren ne zai gajarce har isha da asuba su kusa haɗuwa.

Haƙƙin maƙwabci

Musulmi sun daɗe da sanin irin wannan sanyi. Ibnu Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa Takedda a ƙasarmu a 1353, ya ba da labarin tafiyarsa a arewacin Bahar Aswad, inda ya sa rigunan gashi uku har ya kasa hawa doki sai an ɗora shi, ruwan alwala kuma yana daskarewa a gemunsa. Kafin shi, Ahmad Ibnu Fadlan, wanda ya bar Bagadaza a 921 a cikin tawagar halifa zuwa ga sarkin Bulgar, ya yi sanyi a garin Jurjaniya na ƙasar Hawarizam, inda kogin Jaihun ya daskare har dabbobi da kaya suna bi ta kansa. Ya lura da abubuwa biyu a wurin mutanen garin. In mutum yana son ya girmama abokinsa, sai ya gayyace shi hira yana mai cewa yana da wuta mai kyau. Almajirin garin kuma ba ya tsayawa a bakin ƙofa: shiga yake yi ya zauna ya ji ɗumi tukuna, sannan ya roƙi gurasa. Mutanen nan sun gane cewa a ƙasar sanyi, ɗumi shi ne sadaka ta farko.

Monreyal da kanta ta ga wannan darasi. A farkon Janairun 1998 aka yi kwanaki ana ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu. Nauyin ƙanƙara ya karya manyan turakun lantarki, gidaje fiye da miliyan ɗaya a Kebek suka rasa wuta, wasu yankunan har kusan wata guda. Makarantu suka zama masaukai, masu murhun itace suka kwashi maƙwabta, aka turo sojoji suna bi gida gida. Garin da ke da kusan kilomita 32 na hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da motocin kwasar ƙanƙara, ya wayi gari abin da ya rage masa shi ne wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Kuna lafiya?" Daga cikin waɗanda suka rasu a lokacin akwai waɗanda hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya kashe, saboda sun kunna abin ɗumama ɗaki a rufaffen wuri. A kula da wannan ƙwarai: kaskon garwashin da muka saba shiga da shi ɗaki a hunturu, a gidan da tagoginsa ba sa shigar da iska ajali ne.

Saboda haka, ɗan'uwa mazaunin can, kada ka bari sanyi ya kashe zaman zikirin Juma'a, ko da ku uku ne a falon wani. Ku sa tukunya, ku dafa shayi, kowa ya ga fuskar kowa. Wanda bai zo ba sau biyu a jere, a je a duba shi, don zumunci a ƙafa yake ko da ƙafar tana cikin takalmin ƙanƙara. Baƙon da ya sauka a watan Satumba da rigar hunturun Tawa, a kai shi inda zai sami riga da takalmin da suka dace tun kafin Nuwamba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai, ko wane addini take bi, share mata ƙanƙarar bakin ƙofa. Wanda ka gani kwance a bakin tashar metro a daren da ma'auni ya faɗi, kofin abu mai zafi da kiran masu agaji suna iya zama abin da ya raba shi da mutuwa. Za ka tarar cewa mai ɗumama wani shi ma yana jin ɗumin.

Mu kuma na gida muna da namu rabon. Tsakanin Nijar da Monreyal a lokacin sanyi awa 6 ne. Sa'ad da magariba ta rufa wa ɗanka da ƙarfe 4 da kwata, a Damagaram ƙarfe 10 na dare ta wuce, gida ya yi barci. Wato lokacin da ya fi jin kewa shi ne lokacin da ba mai ɗaukar waya. In kuma duk kiran da ya samu daga gare mu na aike ne da buƙata, mun koya masa ya ɓoye halinsa, don ba ya son a ce ya je ƙasar Turawa yana kuka. Mu riƙa kira wani lokaci ba don komai ba. Mu tambaye shi barcinsa, da cinsa, da wanda yake salla tare da shi. In ya ce akwai nauyi, kada mu rufe masa baki da "sai haƙuri" kafin mu saurare shi.

A shekara ta 5 bayan Hijira, a yaƙin Handaƙ, aka yi wani dare na iska da sanyi mai tsanani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya nemi wanda zai je ya gano labarin rundunar maƙiya, har sau uku ba wanda ya motsa. Sai ya kira Huzaifa ɗan Yamani da sunansa. Huzaifa ya ce da ya kama hanya sai ya ji kamar a cikin ɗakin wanka mai ɗumi yake tafiya, har ya je ya dawo. Da ya gama isar da saƙo, sanyin ya dawo masa, sai Annabi ya lulluɓe shi da gefen mayafin da yake salla da shi, ya yi barci har asuba. Muslim ne ya ruwaito. Dubi yadda abin ya kasance: sanyin dare bai ragu ba, kuma Huzaifa bai ɓoye cewa ya ji shi ba. Ɗumin ya same shi ne a lokacin da ya tashi zuwa ga abin da aka kira shi, kuma da ya dawo yana rawar ɗari, ba a zarge shi ba, rufe shi aka yi. Kowannenmu an kira shi da sunansa zuwa ga wani aiki a cikin yinin da yake ciki, ko a Monreyal yake ko a Maraɗi.

Ya Allah, ka sanya mu cikin masu haƙurin da ka yi wa alkawarin lada ba da lissafi ba. Ka kiyaye ƴan'uwanmu da ke baƙunta, ka ɗumama jikinsu da zukatansu, ka haɗa su da abokan kirki, ka ba marasa lafiyarsu sauƙi, ka dawo mana da su da imaninsu da abin da suka je nema. Ka yi mana albarka a cikin darenmu da yininmu, don alfarmar Shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama. Amin.